Kwalba a Baki

Saiwoyi nake aunawa a shagon kawuna a Hongchon,
da sikelin tagulla da ba ya cin ko ƙwayar shinkafa,
ranar da motar soja ta tsaya a ƙofa.
Hafsa ya ce, "Wa ya san magani?"
Na ɗaga hannu, don na san abin da ke kwantar da tari.
Suka rubuta: Bong Tae-sik, shekara sha tara.
Suka ɗaura min ƙyalle a damtse,
suka rataya min jakar da ta fi ni sanin aikin.

Abin da na fara koya nauyi ne.
Mai rai yana taya ka ɗaukar kansa;
in ya saki, kafaɗarka ce ke fara jin labari.
Ni da Gil-su muka ɓalle ƙyauren wata makaranta,
shi a gaba, ni a baya.
Wata huɗu, na fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa.

Igiyata ta biyu ta iso tare da dusar ƙanƙara.
Tawada ta daskare, muka koma fensir.
Ruwan allurar kashe zafi ya daskare a kwalbarsa,
likita ya ce, "Ku sa a baki."
Haka muke gudu, kumatu cike da gilashi,
biyu a dama, biyu a hagu,
yawunmu ne murhunsu.

A gindin wani tudu mai lamba maimakon suna
wani yaro ya damƙi wuyan rigata.
"Kofur, zan ga gida?"
Hannuna yana cikin raunin, ya riga ya ji amsa,
amma bakina a cike yake.
Na dube shi kawai
har kwalbar ta yi ɗumi, na tofo ta a tafina.
Har yau ina gode wa gilashin nan
da ya hana ni ƙarya,
ya kuma hana ni gaskiya.

Gil-su ya faɗi da bazara, a kan gada,
bai saki ƙyauren ba sai da ya durƙusa a hankali,
kada wanda ke kai ya zube.
Aka ba ni sabon ɗan gaba.
Ban tambayi sunansa ba sai bayan mako uku.

Mun wanke bandeji a kogi, mun shanya a kan waya,
wanda ya ɗaure mutum shida ya ɗaure na bakwai.
Na bakwan ɗan arewa ne, rigarsa ba irin tamu ba,
amma da almakashi ya shiga
kalmar da ya kira uwarsa da ita
ita nake kiran tawa.

Igiya ta uku, aka ce saje.
Na koya wa yara ashirin ɗaurin jijiya,
da yadda ake zaɓen wanda za a fara ɗauka
ba tare da duban idon na biyu ba.
Wannan darasin ban iya shi ba, koyarwa kawai na yi.

Daren da bindigogi suka yi shiru
kwaɗi ne suka karɓi fadamar shinkafa.
Na kasa barci. Babu mai kirana.

Na mayar da jakar, aka ƙirga almakashi, aka sa hannu.
Sikelin kawu na nan, ni ne na canja nauyi.

Jiya jikata Sun-rye ta ba ni alewa.
Na tura ta cikin kumatu, ban tauna ba.
Ta ce, "Kaka, me ya sa ka yi shiru?"
Na nuna mata bakina.
Ina jira ta yi ɗumi.